Maginiya a Kan Takarda

Ranar Litinin da hantsi takardar ta iso. Munira na zaune ƙarƙashin rumfarta ta kwano a bakin hanyar Banikanni a garin Parakou, tana goge randuna da jiƙaƙƙen tsumma, sai wani mai babur ya tsaya ya tambaya ko ita ce Madam Munira mai tukwane. Ta ce ita ce. Ya miƙa mata ambulan mai hatimin ofishin haraji, ya ja babur ɗinsa ya tafi.

Munira ta yi makarantar boko har aji shida, saboda haka Faransanci bai gagare ta ba in dai ta bi shi a hankali. Ta karanta sau ɗaya, ta sake karantawa. Takardar ta ce an karɓi buƙatarta ta shiga cikin masu ginin tukwanen gargajiya da za a ɗauke wa patanti, wato harajin sana'a, har shekara uku. Sai dai kafin a tabbatar, ranar Alhamis da ƙarfe goma kwamiti zai zo ya ga inda take gini, ya ga yumɓunta da matoyar da take gasa tukwane, kuma za ta gina tukunya ɗaya a gabansu. Can ƙasa, da ƙananan haruffa, an rubuta cewa duk wanda aka samu ya faɗi abin da ba haka ba, doka za ta hau kansa.

Ita kuwa Munira rabonta da taɓa ɗanyen yumɓu shekara ashirin da ɗaya ke nan. Saye take ta sayar. Duk randa da tulu da kaskon turaren da ke rumfar nan daga Djougou suke zuwa, daga hannun Inna Hadjo, ƙanwar mahaifiyarta, wadda ta riƙe ta tun rasuwar uwarta.

Ta bar wa maƙwabciyarta mai sayar da gawayi tsaron rumfa, ta hau babur zuwa unguwar Kpébié inda mijinta Ukasha ke da teburin nama. Ta same shi yana saran ƙashi a kan gungume, mata uku na jira. Ta tsaya gefe har suka watse.

"Baban Khalida, me ka rubuta a takardun nan da ka kai ofis?"

"Ni na rubuta? Ai kin san ban iya ba. Mai rubutun nan na bakin ƙofa ne ya cika."

"Me ka gaya masa?"

Ukasha ya ajiye gatari, ya goge hannu a jikin riga. "Ya tambaye ni sana'arki, na ce tukwane. Ya ce ginawa kike ko sayarwa, don masu sayarwa ba su cikin rangwamen. Ni kuma na ce masa 'yar gidan magina ce. To ƙarya na yi?"

"'Yar gidan magina ai ba maginiya ba ce."

"Da na kawo miki, ba ke kika sa hannu ba?"

Wannan kam gaskiya ce. Ranar tana fama da masu ciniki, ta karɓi biro ta yi zane inda ya nuna mata. Kuma in za ta faɗi tsakaninta da Allah, ta hango kalmar nan ta Faransanci da ke nufin maginiya, ta kau da ido.

Ta karanta masa takardar. Ya ce irin waɗannan kwamitocin ba zuwa suke ba, faɗa kawai suke. Da ya ga ba ta yarda ba, ya ce in sun zo a ba su na goro. Ta dube shi har ya sunkuyar da kai. Dukansu biyu sun tuna da Gaji mai kayan roba, wanda bara aka garƙame wa shago da kwaɗo, aka manna jar takarda a ƙofa, ya yi wata biyu yana zirga-zirgar ofis, kayansa na kulle a ciki.

"To ga dabara," in ji Ukasha. "Je ki Djougou ki ɗauko Inna. Ta zauna bayan rumfa tana gini, ke kina miƙa mata ruwa. A ce tare kuke yi. Wa zai tsaya tantance hannun wa ya fi yawa a jikin tukunya?"

Washegari bayan sallar asuba ta shiga motar Djougou. Mutum huɗu aka cusa a kujerar baya, ƙafafunta a kan buhun kaju, wato yazawa. Bazara ta kai maƙura, duk inda mota ta tsaya sai masu tallar mangwaro su yanyame tagogi, amma ko ruwa ba ta iya sha ba. Tun daga Parakou take shirya maganar da za ta yi wa Inna, in ta kai ƙarshe sai ta ji ba ta yi ba, ta koma farko. Can gabas gajimare na taruwa yana watsewa.

Gidan Inna Hadjo na bayan Zongo, inda gidaje suka fara sirancewa. Zuriyar fataken goro ne, kamar yawancin mutanen unguwar, sai dai mahaifiyar Hadjo 'yar ƙabilar Yom ce daga wani ƙauye, kuma ita ta shigo da ginin tukwane gidan. Matan attajirai na sayen randunan, suna yabon sanyin ruwansu, amma ba su taɓa ɗaukar sana'ar a bakin komai ba. Munira na da shekara goma sha huɗu 'yan matan unguwa suka laƙaba mata suna Mai Ƙafar Laka. Tun daga ranar ta ce ita talla za ta yi, ba ta sake zama kan yumɓu ba.

Ta tarar da tsakar gida cike da tukwane an jera su a rana, har ba wurin taka ƙafa. Inna na durƙushe tsakaninsu, tsohuwa mai kusan shekara saba'in, siririya, da hannuwa kamar na manomi. Bayan gaisuwa da tambayar yara, Munira ta zauna ta zayyana mata komai. Inna ba ta katse ta ba, tana ta juya wata tukunya don rana ta sami ɗaya gefen.

"Gobe nake toyi," in ji ta daga ƙarshe. "Kin ga gabas? In ruwan fari ya sauko kan waɗannan, aikin wata biyu ya koma laka."

"Inna, ai za mu dawo ran Alhamis da yamma. Kwana biyu ne kacal."

"Hadari ya ce miki zai jira kwana biyu?" Ta ɗago ta dube ta. "Kuma ko ba toyi, ba zan je ba. Da furfurata in zauna bayan rumfarki, mutane su tambaye ni, in ce tare muke yi? Yaushe muka yi tare?"

Munira ta matso kusa da ita. "In suka rufe mini rumfa, wa zai sayar miki da kaya a Parakou? Ba ni kaɗai abin zai shafa ba."

"Na sani." Inna ta miƙe da ƙyar, ta dafa ƙugu. "Cire mayafin nan. Kin yi shekara shida kina gini kafin ki gudu. Mu ga ko hannunki ya fi ki tunawa."

Ta kai ta inuwar bishiyar darbejiya inda yumɓu ke rufe da jiƙaƙƙen buhu. Ta sa ta taka shi da ƙafa tare da dakakken tsingaro har ya haɗu. Sannan ta kifa wata tsohuwar tukunya a ƙasa, ta barbaɗa mata toka, ta ce Munira ta shimfiɗa yumɓun a kai ta riƙa bugawa da faffaɗan dutse har ya ɗauki siffar gindin tukunya. Wannan bai yi wuya ba. Da ya ɗan sha iska suka ɗaga shi suka juya, sai aka zo wajen ɗora kafaɗa da wuya, inda ake murza yumɓu kamar igiya ana ɗorawa ana latsewa, hannu ɗaya ciki, ɗaya waje. Nan ta farko ta rufta. Ta biyu ta tsaya, amma gefe ɗaya kauri, ɗayan kuma har haske na ratsa shi.

"Kina matsa mata kamar mai bin ta da faɗa," in ji Inna. "Zagaya ke, kada ki ja ta."

Munira ta zagaya, baya na mata ciwo, zufa na ɗiga cikin tukunyar. Duk sa'ad da ta ɗora sabon zagaye sai ta hango mutanen kwamiti tsaye kanta da biro, zagayen ya karkace. Har la'asar ta yi, tukwane huɗu ta rushe ta mayar cikin buhu.

Da safiyar Laraba ta biyar ta tsaya. Ƙarama ce, bakinta a karkace. Inna ta ɗauka ta juya ta, ta ce, "Kaji za su sha ruwa a ciki ba su yi ƙorafi ba." Munira ba ta san ko yabo ne ko akasinsa ba.

Daga nan aka shiga jidar tukwane zuwa matoya, wani fili mai baƙar ƙasa a bayan gida. Mata biyu na maƙwabta suka zo taimako. Aka shimfiɗa itace, aka jera randuna a kife, ƙanana a samansu, aka lulluɓe da busasshiyar ciyawa har tudun ya fi mutum tsawo. Inna ta dubi sama, hadari ya haɗu baƙi ƙirin ta gabas, iska ta fara kaɗawa. Ta yi bismillah ta cinna wuta ta kusurwa huɗu. Wutar ta tashi da gurnani, matan suka ja baya. Can cikin tudun wani abu ya yi ƙara, tas! Inna ta runtse ido.

"Ɗaya ta tafi," in ji ta.

Munira ba ta iya jiran wutar ta mutu ba, don motar Parakou ta ƙarshe na tashi bayan azahar. Inna ta ɗaure mata yumɓu cikin buhu, ta ba ta tsohuwar tukunyar kifawa da dutsen bugu, ta raka ta bakin ƙofa fuskarta duk toka.

"Yumɓu na ba ki, Munira. Abin da za ki faɗa musu ba ni na ba ki ba."

A Parakou ta tarar Ukasha bai zauna ba. Ya tara ciyawa a filin bayan gida, da ke daf da rumfar, ya ƙona, ya watsa fasassun tukwane a kai, wai matoya ke nan. Ta tsaya tana kallon wurin. Ita da ta baro matoyar gaske ɗazu, wadda wutar shekara arba'in ta mai da ƙasarta kamar dutse, ta ga wannan bai fi inda aka ƙona shara ba. Ta ga yadda yake kallonta yana jiran ta yaba, sai ta wuce ciki da buhun yumɓunta.

Ranar Alhamis tun ƙarfe tara ta shimfiɗa tabarma bayan rumfa, ta ajiye yumɓu da ruwa da toka. Ukasha ya bar wa abokin sana'arsa tebur, ya zo ya tsaya. Goma ta yi, ta gota. Duk motar da ta rage gudu a bakin hanya sai ta ɗago ta duba. Har ta fara tunanin ko Ukasha ya yi gaskiya, ba zuwa za su yi ba, sai ga wata farar mota ta tsaya.

Mutum biyu suka fito. Na farko magidanci ne mai tabarau, da fayil a hannu, ya ce sunansa Muntasir, daga ofishin haraji. Ta biyu tsohuwa ce gajera, 'yar ƙabilar Bariba, da zane har ƙirji da gyale a kafaɗa. Muntasir ya ce wannan Iya Mariatou ce, shugabar ƙungiyar magina, ita ke duba aikin, shi nasa rubutu ne.

Munira ba ta yi zaton za a zo da maginiya ba. Ta gaishe su. Muntasir ya leƙa bayan gida ya ga ƙonannen wurin, ya rubuta wani abu. Iya Mariatou ta leƙa ita ma, ta tura tokar da yatsan ƙafa, ta dawo.

"Bismillah, Madam," in ji Muntasir, ya zauna a benci ya duba agogo.

Ta kifa tukunya, ta barbaɗa toka, ta shimfiɗa yumɓu, ta fara bugawa. Tsohuwar ta tsuguna ta gutsuri yumɓun, ta murza, ta sansana.

"Wannan ba na Parakou ba ne."

"Daga Djougou nake kawowa, Iya."

"Uhm."

Tsohuwar ta tashi ta shiga cikin rumfar tana bin kaya ɗaya bayan ɗaya, tana ƙwanƙwasa su da zobenta tana sauraro. Munira na jin ƙarar a bayanta yayin da take ɗaga gindin tukunyar ta juya shi. Ya fita lafiya. Ta murza igiyar yumɓu ta farko ta ɗora, ta latse. Ta biyu ma ta zauna. Wani ɗan ƙarfin zuciya ya fara shigarta. Sai ta ji ƙwanƙwasar ta tsaya.

"Hadjo na nan da rai?"

Hannun Munira ya tsaya cikin tukunyar. Ta waiwaya. Iya Mariatou na tsaye gaban wata babbar randa, tana bin ƙarƙashin bakinta da babban yatsa.

"Mun ci kasuwa tare da ita kafin a yi kwaltar hanyar nan," in ji tsohuwar da Hausarta ta kasuwa. "Ba mai naɗe bakin randa ciki haka sai ita. Na gwada, ban iya ba. Mece ce ita a wurinki?"

Muntasir ya ɗago daga fayil. Ukasha ya matso yana cewa, "Ai tare suke yi, ranka ya daɗe, ita wannan..."

"Baban Khalida, bari." Munira ta zare hannunta daga tukunyar, laka har gwiwar hannu. "Innata ce. Duk abin da ke rumfar nan ita ta gina. Ni sayarwa nake. Na iya gini ina yarinya, na bari, shekaranjiya na koma na sake koyo saboda zuwanku. Wurin can na baya ba matoya ba ne, jiya aka ƙona shi. Kuma ni na sa hannu a takardar."

Muntasir ya cire tabarau ya goge da bakin riga.

"Madam, kin karanta abin da aka rubuta a ƙasan takardar?"

"Na karanta, Mushe," in ji ta, wato Malam da Faransanci.

Ya mai da tabarau ya hau rubutu. Ya daɗe yana yi, har ya juya shafi. Ta tsaya tana tunanin ko rufe rumfar za a yi. Da ya gama ya ce ta zo ofis ranar Litinin da katin shaidarta, ba shi ke yanke hukunci ba. Ya nufi mota. Iya Mariatou ta tsaya kan tukunyar da ke kan tabarma, ta dube ta.

"Ƙarasa ta. Ba a barin tukunya ba baki."

Kwanaki huɗun nan Munira ba ta ji daɗinsu ba. Tana buɗe rumfa, tana ciniki, amma kowane mai fayil da ya gifta sai ta miƙe tsaye. Ukasha ya rage magana a gida. Ranar Asabar ya ɗauki shebur ya kwashe tokar bayan gida ba wanda ya sa shi. Da ya ce zai raka ta ofis ya faɗa musu shi ya jawo, ta ce ya je wurin namansa, kada a yi asara biyu.

Ranar Litinin ta yi awa uku a kan benci kafin a kira ta. Muntasir ne a ciki, da takardunta a gabansa. Ya ce an soke buƙatarta. Tun da da bakinta ta faɗa kafin a rufe rahoto, babbansu ya yarda a rubuta shi a matsayin kuskuren cikawa, ba tara. Za ta ci gaba da biyan patanti kamar da, kuma in aka sake samun sunanta cikin irin wannan, ba za a saurare ta ba. Ta yi godiya har sau uku. Ta miƙe za ta fita, ya ce ta dakata.

"Ita innar taki ta yi rajista a Djougou?"

"A'a."

"Don irinta aka yi abin. Iya Mariatou ta dame ni da maganarta tun a mota. Can ranar Juma'a suke rufe rajista." Ya zaro sabuwar takarda ya miƙa mata. "In ta sami katin magina, ba za ta biya kuɗin rumfar kasuwa ba, kuma kayanta in za a yi lodinsu zuwa wani gari, ba kuɗin fito."

Munira ta gane abin da hakan ke nufi, domin kuɗin fiton nan ita ke biyansa duk wata. Ta karɓi takardar, ta tsaya tana juya ta.

"Mushe, bayan shekara ukun fa? Yanzu ba wanda ya san da ita, tikitin kasuwa kawai take yanka."

Ya rufe fayil. "Bayan shekara uku sunanta na cikin littafi. Za ta biya daidai ƙarfinta, kamar kowa. Ko za a ƙara wa'adin, ban sani ba, ba kuma zan yi miki alkawarin abin da ban sani ba."

Ranar Laraba ta sake hawa motar Djougou da takardar cikin jaka, ba ta san ko alheri take kai wa tsohuwar ba ko wahala. Ta tarar an yi ruwa, tsakar gida na ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, sababbin randuna jajaye a jere cikin zaure. Inna ta ce ruwan ya yi mata kawaici har wuta ta mutu, kaɗan ne suka fashe. Munira ta ba ta labarin abin da ya faru, ba ta rage komai ba. Da ta ambaci Mariatou, Inna ta yi dariya har da tafa hannu, ta ce ashe gajeriyar nan ba ta mutu ba.

Sannan Munira ta fito da takardar, ta karanta mata, ta fassara, har da abin da Muntasir ya ce game da bayan shekara uku. Dariyar ta ɗauke.

"Uwata ta yi gini har ta mutu, gwamnati ba ta san sunanta ba," in ji Inna. "Ni ma haka na so in tafi. Wa kika kawo wa wannan, ni ko ke?"

"Mu biyu, Inna. In kin samu, kuɗin fito ya sauka daga kaina. Ba zan ɓoye miki ba."

"In shekara uku ta cika suka zo da abin da ya fi ƙarfina fa?"

"Ni zan tsaya. Amma ban san me za su zo da shi ba."

Inna ta karɓi takardar ta sa ƙarƙashin tabarma, ta ce sai ta yi shawara da zuciyarta. Alhamis ta wuni tana dakan tsingaro, ba ta tada maganar ba, Munira kuma ta kasa tambaya, sai kallon rana take tana tafiya. Da safiyar Juma'a ta ga Inna ta fito da zanen zuwa biki, ta ce, "Tashi mu je kafin a tafi masallaci."

A ofishin Djougou layin bai da tsawo, tsofaffi biyar ne da wata matashiya. Wannan karon Munira da kanta ta cika takardar, tana tambayar Inna kowane layi. Ma'aikaciyar da ke karɓa, wata mai suna Saadatou, ta duba katin shaida, ta buɗe tawada, ta kama babban yatsan Inna ta danna a takarda. Ta ɗaga, sai baƙin tabo sumul, ba zane ko ɗaya. Ta goge yatsan ta sake, haka. Ta gwada na hagu, ta gwada manuni.

"Inna, yumɓu ya cinye zanen yatsunki," in ji ta. "Ba zan iya karɓar wannan ba. Da da lokaci, sai in ce ki huta da aiki mako biyu ki dawo."

"Mako biyu? Wa zai yi mini ginin?"

Munira ta dubi agogon bango, sha biyu saura kwata. Ta roƙi Saadatou ta tambayi na gaba da ita. Matar ta ɗauki takardar ta shiga wani ɗaki ta rufo ƙofa. Suka zauna. Inna na kallon yatsunta baƙaƙe da tawada, tana juya su kamar yau ta fara ganinsu. Daga nesa lasifikar masallaci ta fara gwaji. Ma'aikata biyu suka fito da dardumar salla a kafaɗa suka wuce.

Saadatou ta dawo ta ce ba Inna ce ta farko ba, magina uku aka samu haka a makon nan. An yarda a karɓi tabon in mutum biyu masu katin shaida suka sa hannu cewa a gabansu ta danna. Munira ta sa nata bayan ta karanta layin sau biyu. Matashiyar da ke bayansu a layi ta sa na biyu. Aka buga hatimi, aka ba su wata 'yar takarda, aka ce kwamiti zai zo gida cikin mako biyu ya ga gini da matoya.

"Su zo da safe," in ji Inna. "Da rana ba na son surutu."

Suka fito cikin rana. Munira na ta lissafin shekara uku a ranta, tana tunanin shekarun Inna a lokacin, da abin da za ta ce mata in abin ya zo da nauyi. Inna kuwa ta tsaya wurin mai sayar da lemun tsami, ta sayi biyu, ta yanka ɗaya da haƙori tana goge tawadar hannunta suna tafiya.